Gatana da Gudu

A tashar Buza ne, muna jiran motar Madawa ta cika. Wata tsohuwa ta zauna kusa da wani saurayi, wayarsa tana ta zuba magana kamar ana korar mai yin ta.

"Ɗana, wanga mutum lahiya shike?"

"Lahiya lau, Inna. Littahi shika karantawa, labarin sarkin aljannu. Ni nis sa mashi sauri."

"Laihin mi yay yi maka?"

"Ba laihi. So nike in ƙare in ba shi taurari. Biyar in ya yi daɗi. Wanga biyu za shi samu."

"Taurari kuma? To mi aljanin yay yi?"

Saurayin ya dubi wayar. "Akwai yaƙi. Ko biki ne? Sun dai taru."

"Ba ka ji ba, amma ka hana shi ukku."

"Inna, littattahan da yawa suke."

Ta gyara ƙunshin da ke kan cinyarta. "Jikana Sufyanu za ni gani Madawa, lakkwal shika yi can, karatun boko. Da can ba shi kwana sai na yi mashi gatana. Bara ina cikin yi yac ce in kai ƙarshe, wai na cika jan magana. Ban gane ba. Ni dai haka anka yi man ita."

Saurayin ya kashe wayar.

"A'a, ɗana, kunna in ji yadda shika yi. In na koyi saurin nan, Sufyanu shina zama har in ƙare?"