Maganar da Hadiza ba ta fassara mini ba

Salamu alaikum ɗana mai karanta wasiƙunmu, sannu da aiki.

Jikata Hadiza ta haɗa Turanci, Jamusanci da Sinanci a jami'a, a kaina kuma take gwaji. Kullum da safe sai ta faɗa mini wata magana da Sinanci, ta yi dariya. In na nemi fassara, ta ce, "Tsoho, sai na karɓi difloma." Na ɗauka tsiyar jika ce.

Da damina zazzaɓi ya ɗauke ta, Allah ya jiƙanta. Jiya a unguwar Zongo na ji wani ɗan ƙasar Sin mai shago yana faɗin maganar nan a waya, a hankali, babu dariya. Na tsaya har ya kashe wayar, sannan na wuce.

Masu sauraro, in koma in tambaye shi, ko in bar ta yadda Hadiza ta bar mini?

Alhaji Amadu, Saga.