Baƙon da Na Ara wa Asusuna

Assalamu alaikum, Malama mai gabatar da shiri, Allah ya ƙara miki lafiya. Sunana Mahamadu, haifaffen Zangon Wagadugu, amma tun da aka rushe unguwarmu nake zaune a Tanghin.

Kafin rusau, wani baƙo ya sauka a gidana, kamar yadda fatake suka saba tun zamanin mahaifina. Mutum ne mai kunya, jam'i ba ya wuce shi. Wata rana ya ce, "Maigida, ba ni da takardun ƙasar nan. Ka yarda 'yan'uwana su turo kuɗin haƙa rijiyoyi ta asusunka na banki." Na yarda. Sau uku ina cirowa ina miƙa masa, sannan ya yi sallama ya tafi.

Bara jandarmomi suka kira ni. Suka ce ƙasashe sun haɗa kai suna bin sawun kuɗin 'yan ta'adda a bankuna, kuma sawun ya biyo ta kaina. Ɗayansu ya ajiye mini hoton wata kasuwa da bam ya tashi a cikinta. Da suka tabbatar ban san komai ba, suka sallame ni.

Malama, hoton nan ya ƙi barin idona. Akwai wata mata kwance, kwandon cefanenta na hannunta. Ko salla na tayar, ita nake gani.

Don Allah malaman da ke saurare su faɗa mini: jinin matar nan yana wuyana?