Jigidata a Hoton Asibiti

Salamu alaikum mai karanta wasiƙu, sannu da aiki. Iya Tabawa ce daga Ƙofa.

Bara ciwon baya ya kwantar da ni, mijin ɗiyata ya kai ni asibiti. Za a ɗauki hoton ƙashin bayana, aka ce in cire komai. Na cire 'yan kunne, na bar jigida. Wa zai gan ta ƙarƙashin zane?

Ashe injin nan ba shi da kunya! Likita ya ɗaga hoton gaban surukina ya ce, "Wannan ƙashi ne, wannan kuma kwalliyar Iya." Bawan Allah ya kama duban takalminshi.

Yanzu an ce in koma a yi mani allura a gadon baya, shi kaɗai kuma ke da mota. Jama'a, in haɗiye kunya, ko in ci gaba da dogara sanda?