Kashe Ke Kashe Ta

Da jika bakwai na bar Gangara, kuɗin tunkiyar inna, ita kaɗai fari ya bar mana a garke. Inna ta ɗinke su a ƙugun wandona da baƙin zare, ta ce kada in kwance sai na ga kogin Yamai da idona. Ko Damagaram ban kai ba na farke ɗinkin na sayi tsire.

Ke Rakiya, amaryata, daina bugun na'urar nan haka. Tun safe nake jin ki: ta daskare, ta mutu ta tashi da kanta, za ki sayar ki huta. Ajiye ta ki matso, ku ma ku matso. Kuna ganin ku kuka fara ganin wannan ciwo? Ni na yi kokawa da shi tun ubanki yana yawo ba wando.

A Yamai na sauka gidan wani tsoho, Baba Sumaila mai gyaran rediyo. Ɗakin da ya ba ni, in na miƙe ƙafa sai ta leƙa waje. Mutumin nan faɗa ne abincinsa. In na tsaya kallon aikinsa sai ya ce, "Kai ɗan Damargu, kauce mini daga haske! Hannun da ya saba da igiyar rijiya me zai yi da rediyo?"

Na ce, "Baba, ai ba da hannu nake kallo ba."

"To kwashe idon naka ka kai waje!"

Ban kwashe ba. A nan na ga wani abu da ya zauna mini. In an kawo rediyon da ke magana yana yankewa, Baba ba ya saurin buɗe shi. Kunna shi yake ya bar shi ya yi ɗumi, sannan ya juya abin kwance kusa, ya riƙa ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar, nan da can, kunnensa a kusa. Inda muryar ta yanke, nan ciwon yake.

Wata na uku na samu aikin planto a biro, wato ofis, na wani kamfanin manyan motoci. Planto shi ne mai shara, mai goge tebur, mai kai takardu, mai shan tsawa. Shugaban wurin Bahaushe ne ɗan'uwanmu, amma da ya shiga biro sai Hausarsa ta maƙale. Ranar farko aka ce in riƙa ce masa Mushe. Na ce subhanallahi, mutum da ransa? A garinmu mushe jan sa ake bayan gari a bar wa ungulu. Suka ce haka ake girmama manya a birni. Na ce to, tunda yana so, wallahi zai sha shi. Kullum sai na faɗa masa sau talatin, ina jin daɗi a raina.

Shekarata ta biyu aka kawo na'urar daga ƙasar waje. Kakar taki ce, Rakiya, sai dai ita nauyinta ya kai na ɗan akuya, da hannu kamar akwatin keken ɗinki. A buɗe murfi sai fuskarta ta haska, rubutu kore ya fito. Suka ce sunanta ordinatar. Ni kuwa Ardo-na-tara na ji, na tambayi direbobi ina sauran takwas ɗin suke kiwo. Aka aza ta a gefen babban teburin Mushe, don kowa ya shigo ya ganta. Madam Fati, sakatariya, ita ke zama ta danna ta.

Wata biyu lafiya lau, sai ta fara. Madam na cikin rubutu sai komai ya tsaya cak, a danna nan a danna can, shiru. Wani lokaci fuskar ta yi baƙi, ta yi ƙara ɗit, ta tashi da kanta, aikin yini ya tafi. Kuma ba ta da rana. Yau sau uku, gobe ko sau ɗaya, jibi sau biyar.

Aka kira mai gyara, wani dogo da ake ce wa Metir. Ya canza faifan da ake zura mata, ba ta daina ba. Ya auna wutar bango ya ce lafiya take. Ya canza waya. Daga ƙarshe ya ɗauke ta zuwa shagonsa kwana huɗu, ta yi aiki ko tari ba ta yi ba. Ya dawo da ita da safe, kafin la'asar ta mutu. Metir ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai a wurinsa lafiyarta ƙalau, sai a duba wanda ke taɓa ta a nan.

Duk biron aka juyo ana kallona.

Mushe ya ce, "Planto! Da me kake goge ta?"

"Ba na goge ta, Mushe. Kai ka hana."

"Ƙarya! Da jiƙaƙƙen tsumma kake bi. Ku mutanen daji ba ku san bambancin inji da ƙwarya ba. Ran Juma'a ka ajiye makulli. Kuma ka gode Allah in ban kai ka komisariya wurin 'yan sanda ba."

Yara, korar ba ta dame ni kamar sunan ba. Direbobin kamfanin nan suna bin hanyar Agadas, a Tanut, kusa da garinmu, suke tsayawa cin abinci. Kafin in isa gida labari ya riga ni: Mamman ɗan Hassu ya yi ɓarna a birni an kore shi. Inna da ta sayar da tunkiyarta ta ƙarshe ita za ta ji wannan a bakin rijiya. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wallahi ba zan ɗauki laifin da ban yi ba, ko za a ɗaure ni.

Kwana uku gare ni. Na zauna a bencina bakin ƙofa na yi abin da na iya tun ina yaro. In raƙumi yana ɗingishi wata rana, wata rana ba ya yi, ba ƙafar ake fara kamawa ba. Bin sa ake a ga a wace ƙasa yake yi, kuma da wane lokaci. Na sa ido, na sa kunne. Ranar farko na gane da safe ba ta taɓa yi. Sai an dawo daga hutun rana, ɗaki ya ɗau zafi. Rana ta biyu na ji abin da kunnena. Da yamma direbobi ke kawo takardun hanya a buga musu hatimi, wanda su a can suke kira kashe. Mushe kuwa in zai buga, ɗaga hannu yake har kunne, don a san shi ne. Dam! Dam! Dam! A na uku sai na ji Madam ta ce, "Wayyo, ta sake!"

Ran Juma'a da yamma Metir ya zo, direbobi cike da biro. Mushe ya miƙo hannu. "Makulli."

Na ce, "Zan bayar. Amma na san mai kashe ta."

"Wa?"

"Kashe ke kashe ta, Mushe."

"In'ina ta kama ka ne?"

"Kashenka. Wancan na hannunka."

Aka kwashe da dariya. Ya ce to bismilla, likitan daji. Aka kunna ta, ya ɗauki kashe ya maka a tebur. Ba abin da ya faru. Ya ƙara, shiru. Wani direba har da riƙe ciki. Gumi ya keto mini, ba zan ɓoye muku ba. Na sa bayan hannu a gindinta na ji ta da sanyi ƙalau, ashe tun safe ba a kunna ta ba.

Na ce, "Ba ta yi ɗumi ba. A bar ta."

"Ka ɓata mini lokaci, fita!"

"Ba inda za ni. Shekara biyu ina jiran ka a bakin ƙofar nan, kai ma jira ni rabin awa."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Metir ne ya ce a bari a gani, shi ma yana son sani. Madam ta yi ta dannawa, ni ina tsaye da makulli a hannu. Da na ji gindin ya yi zafi na ce, "Buga." Ya buga da fushi. Dam! Fuskar ta yi baƙi, ta ce ɗit.

Ba wanda ya yi dariya. Na ce a mayar da ita kan bencina. Aka mayar, ya yi ta dukan teburinsa har takardu na zubewa, ita ko a jikinta. Na ari abin kwance kusa na Metir na bi jikinta da ƙota kamar yadda Baba ke yi, a kusurwar hagu ta sake ɗaukewa. Metir ya buɗe nan. Wani ɗan allo ne, wanda ya ce shi ke riƙe mata tunani, ya ɗan ɗago daga mazauninsa. In ta yi zafi sai ya ƙara saki, girgiza kaɗan ta ishe shi. Ya danna shi da yatsa, ya ce ƙas. Shi ke nan ciwon wata uku.

Mushe ya gyara wuyan riga ya ce, "Bon. Planto, koma bakin aikinka."

Na ajiye makullin a gabansa. Na ce, "Na gode, na ƙoshi. Takarda kawai nake so, a rubuta na yi aiki shekara biyu ban ɓata komai ba. Kuma ka buga mata kashe."

Madam ta buga ta a na'urar nan da kanta, tana danne dariya. Metir ya ɗauke ni shagonsa, na yi shekara uku ina koyo. Baba Sumaila da ya ji, cewa ya yi na sace masa sana'a da ido, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Na dawo da akwatin kayan aiki da tumaki huɗu na inna, na kafa rumfar gyara a kasuwar Tanut, wadda kuka taso kuka gani.

Saboda haka ke Rakiya, kafin ki ce za ki sayar, sauke ta daga kan katifa, ki ji gindinta, ki lura da lokacin da take yi da abin da ke motsi kusa da ita. Miƙo mini gwangwanin can. Ga takardar. Kun ga hatimin, da ƙyar ake karanta shi? Kada ku ce tsufa ne, haka yake tun ranar. Teburin nan dai na'urar ta koma, tana gefensa. Mushe ya ɗaga hannu har kunne kamar kullum, ya dube ta, ya dube ni, sai ya sauko da shi a hankali ya ɗora.