Allon Ya Iso, Kashe-Fitila Ya Tafi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban asibiti, manyan likitoci, 'yan'uwana ma'aikata, Mama uwargidan marigayi, da 'ya'yansa, sannunmu da wannan rashi.

Ni ce mai ɗaukar hoto a sashensa, na ƙirji da na ƙashi da na nono. Ni ke ɗauka, shi ke karantawa. An ce in yi magana a madadin ma'aikata, kuma duk wanda ya zaɓe ni ya san bakina ba ya shiru.

Kashe-Fitila muke ce masa, domin kafin ya amsa gaisuwarka a ɗakin karatun hoto sai ya ce ka kashe fitila. Ya kasance mutum mai haƙuri da kowa, ban da wanda ya dangwala yatsa a jikin allon kwamfutarsa. Manyan likitoci ma sun sha faɗa a kan haka, ga su nan suna sunkuyar da kai. Ya kasance yakan ce mana cuta ba ta zuwa da fari ko baƙi, a cikin toka-toka take ɓuya. Amma allon da aka ba shi irin na buga takardu ne, wanda ke cakuɗe toka-tokan wuri ɗaya. Haka zai kafa hanci a jikinsa yana neman ɗigon da bai kai ƙwayar gishiri ba, har idonsa ya yi ja. In ya sallami mace da cewa bai ga komai ba, sai ya bi bayanta da kallo.

Ya kasance shekara da shekaru yana roƙon a sayo allon gaske, mai fito da kowane ɗigo tas. Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, zan faɗa. Da allon ya iso, sai aka ga ya yi kyau da yawa, aka kafa shi a ɗakin taro ana nuna wa baƙi hoton sabon gini. Kafin a gane kuskure a mayar masa da shi, ciwo ya riga ya kwantar da shi.

Sau ɗaya ya zauna a gaban sabon allon, a keken marasa lafiya. Na kashe fitila, na ɗora tsohon hoton wata mata da ya taɓa cewa lafiya lau ne. Ga ɗigon nan ƙuru-ƙuru. Sai ya tambaye ni ko matar tana raye. Na rufe hoton kawai, shi ma bai sake tambaya ba.

Mama, kin ba ni izinin faɗar wannan. Washegari ya matsa miki ki zo in ɗauke ki hoto, saboda ƙullutun da kike ji. Ya ce miki, "Ni zan karanta da kaina, a kan sabon allo." Na ɗauka, Mama. Bai kai ga karantawa ba Allah ya karɓi abinsa, hoton yana nan a layi tare da na sauran matan da ke jira. Waɗanda ya koyar duk sun tafi inda ake daraja su, kuma ba mu ji an ce wani na zuwa ba. Kullum da safe ina goge allon, in kashe fitila, in buɗe hotonki. Ina ganin komai tas, amma ban san me nake gani ba. Ki yafe mana.

Mun gode wa kowa da ya zo. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Allah ya kawo mana mai karantawa tun Mama tana da sauran lokaci. Amin.