Abokaina sun canza kiɗa, sun mai da ni abin dariya

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Ni ne Bala daga Unguwar Mu'azu.

Na ji kuna hira kan mawaƙan da ke barin salonsu na asali. A Mahuta akwai su Yohanna, masu kiɗan fank, wato jita da ihu. Da suka koma waƙoƙi masu sanyi, tare suka koma, har da mai gangarsu da kunnensa ya lalace.

Mu kuwa hip-hop muke yi, mu uku, kuma ni ke rubuta baitoci. Bara na yi hatsarin babur a Gonin Gora, muƙamuƙina ya karye, maganata ta daina fita daidai. Ina kwance Sani, jagoranmu, ya mai da ƙungiyar ta waƙoƙin biki.

Watan jiya ya gayyace ni wani biki. Na sa sabuwar shadda, ina zaton zai gabatar da ni. Sai ya nuna ni, ya ce, "Jama'a, ga tsohon gwaninmu, ku ji yadda yake waƙa yanzu." Ya karkace baki yana kwaikwayona. Aka yi ta dariya, har amarya. Baitocina kuma ya rera bayan nan, a sanyaye.

Malama, mahaifiyar Sani ta ciyar da ni a asibiti. In je in faɗa mata, ko in bar shi da Allah? Gaskiya zuciyata ta ƙi na biyun.