Ba Dafa Shayi Ya Kawo Ni Makwar Ba

"Yarinya, ke zauna a ofis ki dafa mana shayi. Bakin tur'a ba wurin mata ba ne."

Mai gabatarwa, salamu alaikum, kai da masu sauraro. Mufattishin ban ruwa, wato jami'in da ke duba tur'a, magudanar da ke kai ruwa gonaki, shi ne ya tarbe ni da wannan magana a madatsar ruwa ta Makwar, inda jami'a ta tura mu ɗaliban injiniya koyon awon ruwa. Ni kaɗai ce mace, kuma wanda bai yi awo ba sai ya maimaita shekara.

Ya tambayi samarin abin da ya kawo su wannan karatu. Wani ya ce motar gwamnati, wani ya ce gida mai fanka. Madalla da buri.

Ni bai tambaye ni ba, amma na amsa: "Ya ustaz, gonar Babana tana can ƙarshen tur'a a Jazira. Audugarmu ba ta shan ruwa sai in ya rage. Na zo in ga inda yake ɓacewa."

Ya ce zai kai ƙarata jami'a.

Jama'a, ina neman shawararku, amma ban da ta komawa gida. Ina gaida ƙawayena na Mai Wurno. Ni dai ran nan na ɗauki sandar awo, na bar masa butarsa a sanyaye, na ja ƙofa, na nufi ruwa.